Mota Ta Tafasa a Hanyar Abala

Filinge, ranar Talata.

Zuwa ga ɗiyata Ladi, a gidan likita na Abala.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, da baƙunta, da zafin wannan bazara. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da taubashinki Hamidu mai tuƙa ki da mutanen da kike dubawa. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, ya sa ki gama da mutane lafiya, ya ba mu damina mai albarka bayan wannan da ta juya mana baya.

Bayan haka, ba labarin gida zan ba ki ba. Gida yana nan yadda kika bar shi, gero yana nan da tsadarsa. Maganar mota ce.

Jiya Ɗanjuma, direban babbar motar da ke kai hatsin agaji Abala, ya same ni a ƙofar lakkwal, makarantar da nake koyarwa, ana tashi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ya ce, "Mushe, na ga tsohuwarka ranar da yara suka tahi."

Na ce, "Wace tsohuwa?"

"Motarka mana. Gaba da Tukunus, baki buɗe, tana huci kamar tukunyar dambu. Hamidu na tsaye yana ta sheƙa mata ruwa."

"Ita yarinyar fa?"

"Tana gindin aduwa tana mishi dariya."

Dariya. Da kalmar nan na koma gida, ko abincin rana ban iya ci sosai ba. Sannan ya ba ni saƙon Hamidu, wai a ce wa Kawu, wato ni, kada ya damu, tsufa ne. Ya kuma ba ni naki saƙon: akwai wata mace cikin makiyayan da fari ya koro suka sauka bayan gidan likita, ɗan cikinta ya kwanta a gicciye, kina so ki kawo ta Filinge wurin babban likita ranar Asabar, tun watanta bai cika ba. Wato motar da ta tafasa da mutum biyu da katifa da akwati, ita za a ɗora wa mai ciki a biyo hanyar nan da ita. Ba domin in burge mutane na ba ki motar ba. Na ba ki ne don na san a can ba wata da za ki samu in dare ko rana wani ya rikice miki. In motar ta mutu a tsakanin Abala da nan, ba ni za ta cuta ba.

Ke ce ta fari, ban saba zaunar da ke in yi ta magana ba. Ranar da kuka tashi na yi ta zagaya motar ina danna taya, abin da ke bakina bai fito ba. To ga shi a rubuce. Ki karanta har ƙarshe, ko da ya gundure ki.

Tsufa gaskiya ne. Na saye ta hannu na uku ko na huɗu, bayan babban farin da aka yi can baya, kina ƙaramin aji. Agogon kilomita ya zagaya ya koma sifiri a hannun wani, ya mutu a hannuna. Amma tsufa ba ya tafasa ruwa. Duk ranar da motar nan ta tafasa a hannuna, akwai dalili, kuma sau da yawa dalilin ni ne.

Na farko shi ne tabon da ke wuyan hannuna na dama. A hanyar Damana ne, ban daɗe da sayenta ba. Allurar zafi ta hau ja, na tsaya, na ɗaga kapo, marfin da ke rufe inji, na murɗe murfin radiyater, wato tukunyar ruwanta da ke gaba, da hannu tsirara, don in ga ko da ruwa. Akwai ruwa. Ya fito ya same ni. Da zafin ƙunar da haushi na ɗauki ruwan sanyi na tuttula mata a ciki, na ji ƙarfe ya yi ƙara. Allah ne ya tsare kan injin bai tsage ba, ba wayona ba. Abin da Ɗanjuma ya ga Hamidu yana yi ke nan, shi ya sa hankalina ya tashi. In ta hau ja, ku sauka gefen hanya, ku juya hancinta wajen da iska ke zuwa, ku ɗaga kapo. In ba ki ga ruwa yana zuba ƙasa ba, ku bar injin yana juyawa a hankali na ɗan lokaci, fanka ta taimake shi. In ruwa yana zuba, a kashe nan take. Kada kowa ya taɓa murfi sai kin iya ɗora tafin hannunki a kan radiyater kin bar shi. Sannan da tsumma, a murɗa rabi, a bar huci ya fita. Ruwa kuma kaɗan kaɗan, inji yana juyawa.

Na biyu ya fi ba ni haushi, kuma shi na fi zargi a wannan karon. Lokacin da nake koyarwa wajen Tabla, ina zuwa gida ƙarshen mako, motar ta shiga tafasa a kowace tafiya. A cikin gari lafiya lau. Da na ɗauki hanya sai allura ta soma hawa. Na canja igiyar fanka. Na canja murfi. Na sa aka aiko mini da famfon ruwa daga Yamai. Na zauna na yi tunani mai tsawo irin nawa, na yanke cewa nisa ne ba ta so. Duk wannan lokacin, kowace tafiya, ina rataya salkata a gaban mota, a kan ragar da iska ke shiga, yadda kowa ke yi don ruwan sha ya yi sanyi. Salka ce babba, ta fatar bunsuru, tana rufe fiye da rabin ragar. A cikin gari ba na rataya ta, don ba na bukatar ruwa.

Wani mako ɓera ya huda salkar, na tafi da ruwa a bido, wato jarka, a bayan mota. Allura ba ta motsa ba har Tabla. Kin san abin da na yi? Na rubuta a littafina cewa sabon famfo ya fara aiki. Da aka ɗinke salka na mayar da ita wurinta, mota ta koma tafasa, na koma zagin famfo. Sai wata rana da na tsaya yin la'asar a hanya, ina zaune ina kallon motar ta gaba, na ga abin da yake gabana tun farko. Da na gaya wa innarki ta ce, "To, Mushe, kai ka toshe mata hanci, kai kake tambayar mi ya sa take haki." Na mayar da salkar gefe.

Ranar da kuka tashi na ga salkar Hamidu a baya, kusa da katifa. Na tambayi Ɗanjuma ko ya gan ta a gaba, ya ce bai lura ba. Ina jin da kuka fita gari, idona ya bar ku, ya tsaya ya rataya ta. Ko kuwa ban sani ba, wataƙila ina ɗora wa yaro laifin da na san nawa ne. Ke kin sani. In haka ne, a mayar da ita gefe, a jikin ƙarfen tantin bayan mota, can ma iska na kaɗa ta. Ki kuma durƙusa ki leƙa ragar radiyater ta fuskar rana. In haske ba ya wucewa, ƙaya ce da ƙarangiya da fuka-fukan ƙwari suka cika ta. A wanke daga ciki zuwa waje, da ruwa da tsintsiya mai laushi. Kada ki bar Hamidu ya sa ƙusa.

Na uku, ruwan da ake ba ta. Shekaru na yi ina cika ta daga kowace rijiya na tarar a kwarin Dallol, ina cewa ruwa ruwa ne. Kin san ɗanɗanon wasu rijiyoyin nan, kin san farin da suke bari a bakin tulu. Wannan farin shi ya taru a cikin radiyater har ya toshe rabin hanyoyinta. Da makanike ya fasa ta a gabana, kamar an shafe cikinta da kanwa. Bana kuwa rijiyoyi sun ja baya, abin da ya saura a ƙasa ya fi ɗaci. Ban san ruwan Abala ba. Ki ɗanɗana. In yana da kanwa, kada a zuba mata sai dole. Na ba Ɗanjuma bido biyu na ruwan famfon nan, su ne nata, ba na shayi ba. Gane toshewa ba wuya: in inji ya ɗumama, ku kashe shi, ki bi fuskar radiyater da hannu, sama zuwa ƙasa, dama zuwa hagu. Ya kamata zafin ya bi ko'ina, yana raguwa zuwa ƙasa. In kika ji wuri mai sanyi a tsakiyar zafi, nan ruwa ba ya bi.

A kan wannan akwai wata wauta da na ƙara. Radiyater ta taɓa ɗiga a tashar Baleyara, mutane suka taru a kaina, kowa da maganinsa. Wani ya ce ƙwai, wani ya ce barkono, wani dattijo ya ce garin taba ba ya ƙarya. Na ji nauyin dattijon, na zuba garin taba. Ɗigar ta tsaya, gaskiya. Abin da ya rage na hanyoyin ruwa ma ya tsaya. In ta ɗiga a hanya, a murje sabulu a liƙa ta waje, a sassauta murfi rabi, a tafi a hankali ana ƙara ruwa. Kada a zuba mata komai a ciki da ba ruwa ba, ko wa ya ce, ko da rawani a kansa.

Yanzu abin da nake so ki riƙe fiye da duk waɗannan. Ke ba ki ba mutum magani don kawai jikinsa da zafi, sai kin tambaye shi yaushe ya fara, da rana ko da dare, yana ci ko ba ya ci. Mota ma haka. Ni na daɗe ban iya tambaya ba, sai saye-saye. In tana zafi a cikin rairayi, ana tafiya a hankali, amma ta huce in an samu hanya mai ƙarfi an sake ta, to iska ce ba ta samu. A duba raga, a duba igiyar fanka: ki danna tsakiyarta da babban yatsa, kada ta lotsa fiye da kaurin yatsan. A rage wa taya iska kafin shiga rairayi, inji ya rage wahala. In kuwa a hankali lafiya, sai an sake ta take hawa, to ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata: toshewa ce, ko tiyon ƙasa ya yi laushi yana tsotsewa, ko famfo. Ki kama fanka, inji a kashe, ki girgiza ta gaba da baya. In tana lilo, ko akwai sawun ruwa a ƙarƙashinta, famfo ya gaji.

Akwai wani ɗan ƙarfe a bakin tiyon sama, makanikai na ce masa kalorsta, shi ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗumama. Duk makaniken ƙasar nan zai ce a cire a yar, wai na ƙasar sanyi ne. Na taɓa cirewa, na taɓa mayarwa, har yau ban tabbatar wanne ya fi ba. Yanzu yana ciki. In allura ta hau amma tiyon sama bai yi zafi ba, ya maƙale ne, a nan kam a cire shi. In ba haka ba a bar shi. Ba na so a yi ta ciro wa motar nan kayan ciki don an rasa abin yi.

Saura wanda nake tsoro. Tsakanin kan inji da jikinsa akwai wani faifai da ke raba wuta da ruwa da mai, ana ce masa juwan kilas. Tafasa da yawa na ƙona shi, ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi kuma ya fi komai saurin gamawa da shi. Ban sani ba ko abin da Hamidu ya yi ya kai nan. Ga yadda za ki sani, kuma da kanki za ki yi, ranar Juma'a da safe, tun ba a tayar da ita ba. Ki zaro sandar auna baƙin mai. In man baƙi ne ko ruwan zuma, madalla. In ya yi fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga. Sannan ki buɗe murfin radiyater, tana sanyi, ki cika ta, Hamidu ya tayar, ki tsaya kina kallon bakin. Ruwa zai yi motsi, ba komai. Amma in kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya ba ta yankewa, ko farin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa a baya bayan inji ya ɗumama, to faifan ya tafi. In kin ga haka kada motar ta motsa. Na roƙi Ɗanjuma, zai koma Abala ya zauna har Asabar, ya yarda ya ɗauko matar a gaban motarsa, ke a gefenta. Babbar mota na jijjiga, na sani, ba na son ta ga mai ciki. Amma tana isowa.

Kuskure na ƙarshe ba na ƙarfe ba ne. Ban taɓa iya hana dangi motar nan ba, ban kuma taɓa iya tambayar wanda ya dawo da ita me ya faru a hanya ba. Sai in karɓi makulli in ce sannu da hanya, in kwana ina cizon yatsa. Rabin ciwonta daga nan ya zo. Yanzu kuma na haɗa ki da Hamidu, ɗan ƙanwata, taubashinki, wanda tun kuna rarrafe ba ku taɓa yin magana ɗaya ba wasa a ciki ba. Na ji ku ranar tafiya, kuna ɗaure kaya.

Kin ce masa, "Ka duba ruwa?"

Ya ce, "Likita, ke duba marasa lahiyarki. Wagga tsohuwa tawa ce."

"Kai da ko jaki sai ya kada ka."

"Jakin gidanku ne, hali ya ɗauko."

Kowa ya yi dariya, har innarki. Ni kaɗai na lura ba a duba ruwan ba, sai da na je na duba da kaina. Ba na cewa ku bar wasa, hakkinku ne, kakanninku ma haka suka yi. Hamidu kuma yaro ne mai hannu, a rairayi ya fi ni tuƙi nesa ba kusa ba. Amma duk abin da kika faɗa masa yana ɗauka tsokana ce, ke ma in ya ba ki amsa sai dariya ta kama ki, magana ta mutu. A kan motar nan ki nemi wata murya. Wadda kike yi wa uwar da ta ƙi ba ɗanta magani, ita nake nufi. Ki gaya masa tun kuna gida, ba a hanya ba: in kin ce tsaya, tsayawa ne. Makulli ya kwana a ɗakinki. In ya ji haushi ya zo ya same ni, wannan karon zan iya buɗe baki. Ina jin zan iya.

To, in mai ya fito baƙi, ruwa bai yi kumfa ba, ku taso Asabar da an sallame asuba, kafin rana ta yi ƙarfi. A shimfiɗa wa matar katifa a baya kusa da kan mota, inda jijjiga ta fi sauƙi. Kada a ɗauki kowa don kunya, ban da mai rakiyarta. Ruwan shanku dabam, na mota dabam, kuma in abu ya ƙure, na sha ba ya shiga radiyater. Idonki a kan allura, ba a kan hira ba. In ta wuce rabi tana hawa, akwai wani maɓalli a ƙasan rediyo na ɗumama cikin mota, wanda ba mu taɓa bukata ba tun da aka kawo ta ƙasar nan. Ku buɗe shi duka. Zai gasa muku ƙafafu, amma yana janye wa inji zafi, matar kuma tana baya ba zai same ta ba. In ta ƙara hawa ku tsaya tun ba ta kai ja ba. Tsayawa kaɗan sau uku ta fi tsayawa ɗaya da ba tashi.

Na yi ta juya abin da zan ce in naƙuda ta kama matar a hanya, allura kuma tana ja. Na rubuta na soke. Ban san aikinki ba, ke kika ga matar. Abin da na sani shi ne injin da ruwa ya ƙare masa ba ya nisa, don haka ko kuna sauri a ba shi ruwa. Bayan wannan, in kin ga tsayawa za ta kashe matar, kada ki tuna da ni ko da wahalar da na sha a kan motar nan. Ki ce wa Hamidu ya taka.

Asabar ba lakkwal da yamma, na safe kuma na roƙi wani ya riƙe mini aji. Zan hau keke in fito Tukunus da bido ɗaya da sabuwar igiyar fanka, in zauna a bakin hanya wajen rijiyar dabbobi. Iyakar inda ƙafata za ta kai ni ke nan da kaya. In motar ta yi zafi ku tsaya. In kuwa allura tana wurinta, kada ku tsaya gaishe ni. Ki ɗaga hannu kawai ku wuce, zan biyo ku a baya.

Allah ya kiyaye hanya, ya sauki matar nan lafiya, ya raba ku da tsautsayi ke da ɗan'uwanki. Allah ya yi miki albarka. Ki gaida Hamidu, ki ce masa salkar nan ina tambaya.

Ni ne mahaifinki,
Isuhu.